Waiwaye: Da Muna Ganin Dabbar, Yau An Rufe Ta a Leda

Wanda ya tashi a Dukawuya, ko Gwale, ko gindin Goron Dutse shekaru 40 zuwa 50 da suka wuce, lokacin da filaye da gonaki suka fi gidaje yawa a wannan ɓangare na cikin badala, zai iya faɗa maka asalin kusan duk abin da ke shiga tukunyar gidansu ba tare da dogon tunani ba. Nama na mahaucin unguwa ne, an san shi, an san ubansa, an san sahun da yake tsayawa a masallaci. Nono da man shanu na 'yan matan Fulani ne da ke shigowa ta ƙofa da hantsi, ƙwarya a ka. Man gyaɗa kuwa ba sai an yi maka kwatance ba, ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli zai kai ka har zauren gidan. Daddawa ta kalwa ce, kalwa ta ɗorawa ce, ɗorawa kuma ga ta nan a bayan gari. Kuka da kuɓewa da karkashi da tsamiya da kanwa, a Rimi ko Kurmi ake auno su, a buɗe, ido na gani, hannu na taɓawa.

Hatta sabulu haka yake. Akwai tsofaffin da sana'arsu ke nan. Su tara tokar kara, su zuba a tsohuwar tukunya mai huda a gindi, su kwarara ruwa, ya riƙa ɗiga a ƙwarya har ya taru, ja-ja-ja, mai zafin da in ya taɓa maka rauni sai ka yi tsalle. Wannan ruwan tokar ake ɗorawa a wuta da mai, a yi ta tuƙawa da muciya har ya kama jikinsa, a sauke, a cura. Wani lokaci man gyaɗa ne, wani lokaci man kaɗe, wani lokaci kuma kitse ne da aka karɓo wurin mahauta aka narkar. Babu ɓoye-ɓoye a ciki. Uwa ta aiki 'yarta ta ce, "Je ki gaida Gwaggo, ki ce ta ba ni curi biyu, amma na man kaɗe, na jariri ne." In babu, Gwaggo ta ce, "Ki ce wa uwarki na yau da kitse na yi, ta bari sai jibi." Sabulun salo da fatake ke kawowa daga kudu ma an san jikinsa: tokar ɓawon koko ko na ayaba, da man alayyadi.

Mu dai ba masu gudun nama ba ne, ba mu taɓa zama ba. Kano garin fawa ne da jima da dukanci, garin tsire da balangu da kilishi, garin da fatun awakinsa suka riƙa ƙetare Sahara har aka sayar da su a Turai da sunan fatar Maroko. Sai dai dabbar da ke cikin rayuwarmu a fili take. Ka san rago ne ko sa, ka san wanda ya kayar da shi, ka san ya ambaci sunan Allah. Abin da ya canza shi ne yanzu dabba na shigowa gida ba kai, ba ƙafa, ba ƙarni, a cikin leda mai ƙyalli, ɗauke da sunan Turanci ko wata lamba. Wace dabba ce, a wace ƙasa, wa ya yanka ta? Mai shagon unguwa bai sani ba, dilan da ya sarar masa a Kasuwar Singa ma bai sani ba.

Babban misali shi ne jelatin. Duk macen da ta taɓa yin farfesun ƙafar sa ko na ganda da sanyin hunturu ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba. A bar ragowar romon ya kwana a tukunya, da safe a tarar ya daskare, a taɓa shi da cokali yana rawa. Wannan daskararren abin shi ne jelatin. Masana'antu na dafa fatu da ƙasusuwa su tatso shi, su tace, su busar, ya koma gari mara launi, mara wari. Shi ke sa alewar roba ta yara ta riƙa tauri-tauri da laushi a baki, shi ne jikin farar alewar nan mai kama da auduga, ana sa shi a wasu nau'o'in yogot da askirim don su yi kauri, kuma da shi ake yin ɓawon yawancin kafson magani. Kaso mafi girma na jelatin da ake yi a duniya daga fatar alade yake fitowa, sai fatar shanu, sai ƙashi, na kifi kuwa kaɗan ne. Wannan ba ya nufin kowace alewa da alade a cikinta. Ƙasashe irin su Turkiyya da Pakistan da Malesiya suna yin tasu da jelatin na shanun da aka yanka. Amma ledar da aka rubuta mata jelatin kawai, ba a ce na mene ne ba, ta bar ka a duhu, kuma da kuɗinka.

Akwai wani abu da ya kamata ya taɓa zuciyar Bakano a nan. Jakunan da suka ɗauki yashi da taki da itace suka gina garin nan, raguwar da suka yi a idonmu ba zuwan babur da a-kori-kura kaɗai ya jawo ta ba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani nau'in jelatin da suke sha a matsayin magani, kuma buƙatarsa ta kai har kasuwannin dabbobinmu. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Ashe cinikin nan ba shigowa kawai yake yi ba, yana ɗiba daga wurinmu ma.

A banɗaki da gaban madubi labarin bai bambanta ba. Juya kwalin sabulun wanka ka duba ƙananan rubutun. In ka ga sodium tallowate, da kitsen dabba aka yi, galibi na shanu ko tumaki. In ka ga sodium palmate, na kwakwar manja ne. Gilisarin da ke cikin man goge baki da man shafawa yana iya fitowa daga kitse, yana iya fitowa daga man tsirrai, sunan duk ɗaya ne. Haka ma sinadarin da ake wa lamba E471, wanda ke cikin biskit da bota da burodin kanti masu yawa. Wasu nau'o'in jan-bakin da amarya ke gogawa kuwa, da wasu jajayen alewa da lemuka, ana samun launinsu ne daga wani ƙwaro da ke rayuwa a jikin wata shuka mai ƙaya, wanda ƙasar Peru ta fi kowa nomansa. Sai an busar da kimanin ƙwari 70,000 kafin a tara abin da bai kai rabin kilo ba. Lambarsa E120. Ƙyallin da ke bayan wasu alewoyi da ƙwayoyin magani, mai lamba E904, daga dankon da wani ƙwaro na Indiya da Tailan ke fitarwa yake. Mu da muke soya fara mu barbaɗa mata yaji ba za mu ce ƙwaro baƙon abu ne a bakinmu ba, malamai ma sun yi saɓani a kan wannan launi. Amma mai sayen fara ya san fara ya saya.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba, kuma ba yau aka fara ba. A 1857, a Indiya, Turawan Ingila suka raba wa sojojinsu 'yan ƙasa sabuwar bindiga wadda sai an ciji takardar harsashinta da haƙori kafin a ɗura. Magana ta bazu cewa da kitsen saniya da na alade aka shafe takardar. Saniya abar girmamawa ce ga Hindu, alade haramun ne ga Musulmi. Ƙorafe-ƙorafe sun daɗe suna taruwa, amma wannan ne ya kunna wutar boren da ya tashi a garin Meerut a watan Mayun shekarar, wanda ya kai ga Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin da ke riƙe da ita a 1858. A 2002, a Amurka, kamfanin McDonald's ya nemi afuwa ya kuma biya dala miliyan 10, bayan mabiya addinin Hindu da masu ƙaurace wa nama sun kai shi kotu, domin ya bar su suna cin soyayyen dankalinsa da zaton babu dabba a ciki, alhali ana sa masa ɗanɗanon naman sa. A 2016 ma Babban Bankin Ingila ya amsa cewa akwai ɗan kitse a jikin sabuwar takardar fam 5 ta leda, mutum sama da 100,000 suka sa hannu a takardar koke.

Wanda ya fi kusa da madafinmu shi ne abin da ya faru a Indunusiya a watan Janairun 2001. Majalisar Malaman ƙasar ta bayyana cewa farin magin Ajinomoto da ake yi a masana'antar can ya saɓa wa ƙa'idar halal. Ba naman alade aka gani a cikin ledar ba. Wani sinadari ne da aka samo daga alade aka yi amfani da shi can baya, wajen haɗa abincin ƙwayoyin halittar da ake kiwo don su samar da magin. Gwaji bai nuna alamar alade a abin da ake sayarwa ba, shugaban ƙasar na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda shi kansa malami ne, ya ce a ganinsa halal ne. Duk da haka aka kwashe kayan daga kasuwa, 'yan sanda suka tsare wasu shugabannin masana'antar, kamfanin ya nemi afuwa ya koma amfani da sinadarin waken suya. Wannan magana ta masana'antar Indunusiya ce, ta shekaru sama da 20, kuma an gyara ta. Abin lura a ciki shi ne yadda aka gano: akwai masu zuwa masana'anta su duba takardu, su bi asalin kowane sinadari, kuma sun san kimiyya sun san fiƙihu. Ba a majalisar mai shayi aka yanke hukuncin ba.

Mu a nan, inda babu irin wannan bincike a kusa da talaka, jita-jita ce ta cike gurbin. Masu shekaru za su tuna takardun da ake bugawa a raba a ƙofar masallacin Juma'a, ɗauke da jerin lambobi, wai duk kayan da aka ga ɗayansu a jikinsa akwai man alade a ciki. Yau jerin nan ya koma WhatsApp, ana turo shi da roƙon a yaɗa don Allah. A cikinsa har da E100, wanda launin kurkum ne, da E140, wanda shi ne koren ganye. Mai turawa na neman lada, amma ya haramta abin da Allah ya halatta, ya kuma ɓata wa wani sana'a. A 2014 irin wannan ƙura ta tashi a Malesiya, aka ce an ga alamar alade a cakulan Cadbury iri biyu, har aka janye su daga kanti. Hukumar addinin ƙasar ta sake gwaji ta ce babu komai. Mutanen Kano kuwa ba sai an ba su labarin tsadar rashin yarda ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a 1996 ya bar tabo na gaskiya a zukata. A kan wannan tabon maganar cewa an gurɓata ɗigon shan-inna ta samu gindin zama, aka dakatar da rigakafi a 2003, ba a dawo ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Yaran da suka shanye a tsakanin nan yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunansu.

Saboda haka nake jan hankali musamman a kan magani. Kada wanda likita ya rubuta wa kafso ya karanta wannan shafi ya je ya watsar. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwaiti ya tafi a kan cewa abin da ya sauya gaba ɗaya daga asalinsa ya zama wani abu daban, hukuncinsa ma ya sauya, kuma suka sa jelatin a ciki. Wasu majalisun fiƙihu ba su yarda cewa sauyin jelatin ya kai haka ba, suka hana na alade a abinci. Amma babin lalura a wurin mara lafiya sananne ne a kowace mazhaba. Mai shakka ya tambayi mai kemis ko akwai irin maganin a ƙwaya ko a ruwa, ko a kafson da ake yi da sinadarin itace, domin akwai shi. Alewa kuwa ba lalura ba ce, barinta ba ya kwantar da kowa.

Abin da ke ba ni takaici, kuma yake ba ni fata a lokaci guda, shi ne yawancin abin da duniya ke nema ya maye gurbin dabba a ƙasarmu yake tsirowa. Ɗauki ƙaro. Almajiri ya san shi, da shi da zuge ake haɗa tawada ta kama allo. Mai wankin hula ya san shi, shi ke sa zanna-bukar ta tsaya ƙyam a kan gunki. Wannan ƙaron da ake tsinkowa a jikin dakwara a dazukan Barno da Yobe da Jigawa shi ne E414, wanda manyan kamfanonin lemo da alewa da magunguna suke yawan amfani da shi. Da Amurka ta sa wa Sudan takunkumi a 1997, sai ta bar ƙofa a buɗe ga ƙaro, don Sudan ce ta fi kowa fitar da shi. Man kaɗen da kakanninmu ke shafa wa jarirai yau yana cikin mayukan da ake sayarwa da tsada a London da Paris, dokar Tarayyar Turai ta 2000 kuma ta yarda a sa shi da 'yan uwansa har kashi 5 cikin 100 na cakulan. Zoɓon da ake lodawa a Dawanau har Meziko ake kai shi, ga ja mai kyau ba ƙwaro a ciki. Dukawa kuwa tun tuni da karan dafi suke rina fata ja.

Turawa kan daskarar da madara su yi cuku da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. Bafulatana kuwa ganyen tumfafiya take dakawa ta tace a madara, ta sami cukunta. 'Yan matan da ke suyar awara da yamma a bakin lungu, waken suya ne da ruwan tsami ko na tsamiya, abin da masu gudun nama a Turai ke saye a kanti da kuɗi mai yawa. Alewar roba ma ana yinta da sinadarin ɓawon lemo, ko na ciyawar teku, ko sitaci, ta fito ba ta da maraba da ta jelatin a bakin yaro. Ga kuma namu na gado: kantun riɗi, da tsami-gaye, da carbin malam, da alkaki, da mazarƙwaila. Ban ce a koma zamanin tukunyar toka ba, garin ya yi girman da Gwaggo ɗaya ba za ta wadatar da layi guda ba. Amma matashin da ya karanta kimiyyar abinci yana yawo da takardu, ga ƙaro ga zoɓo ga kaɗe a ƙofar gidansu, akwai sana'ar da ke jiransa.

Masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1944, tafiyarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Su har zuma da nono sun bari, mu kuwa muna layya muna neman lada. Sai dai nacin da suka yi ya tilasta wa kamfanoni buga tambari a jikin kayan da babu dabba a cikinsu, kuma wannan tambarin yana yi mana amfani, domin inda babu dabba babu maganar alade ko mushe. A kula dai, bai ce babu giya ba, wannan sai an duba daban. Indiya ta fi kowa sauƙaƙa wa talakanta. Tun farkon shekarun 2000 dokarta ta wajabta alama a jikin kowane ƙunshin abinci: kore in babu nama a ciki, ruwan ƙasa in akwai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana ganewa da kallo ɗaya.

Irin wannan nake roƙa mana. Hukumar NAFDAC, wadda ke nan tun 1993 kuma lambarta ke jikin kusan duk abin da muke saye, ta wajabta wa mai yin kaya da mai shigo da shi ya bayyana asalin jelatin da kitse da gilisarin, na wace dabba ne ko na wace shuka, da alamar da ba ta buƙatar Turanci. Jami'ar Bayero, wadda tsohuwar harabarta ba ta da nisa da Ƙofar Dukawuya, tana nan da masana kimiyyar sinadarai da malaman shari'a a inuwa ɗaya. Su zauna tare su riƙa gwada kayan da ke yawo a kasuwanninmu, su faɗa wa jama'a sakamako da Hausa a rediyo, wanda ya tsira a wanke shi, wanda bai tsira ba a faɗi sunansa. Manyan 'yan kasuwar Singa da ke oda daga waje su nemi takardar shaidar asalin kaya kafin su biya, domin su ne ƙofar da komai ke shigowa ta cikinta.

Kai kuma maigida, da ke tsayawa a shago da magariba ka sayo wa yara tsaraba, juya ledar ka karanta bayanta, in idonka bai kai ba ka miƙa wa ɗanka na sakandare. In ka ga jelatin ba a faɗi asalinsa ba, babu kuma tambarin halal, mayar wa mai shago ka gaya masa dalili cikin mutunci, don shi ma ya gaya wa wanda ya sarar masa. Saƙon da aka turo maka a waya kuwa, in ba ka san wanda ya yi gwajin ba, kada ka tura wa kowa.